Saƙa a gida da kare mai satar zare: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, da iskar hunturu ta fara kaɗawa, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga matan da ke saƙa a gida, musamman waɗanda ke da kare a tsakar gida. Ga su nan na tattara, tun daga na mai shirin farawa har zuwa na wadda ta riga ta tsinci rabin rigar jariri a bayan randa, jiƙe da yawu. Da mata na yi maganar domin su suka fi tambaya. Maza masu saƙa su yi haƙuri su ɗauki nasu a ciki.

1. Ina son fara saƙa. Me zan saya?

Tsinken saƙa biyu mai kaurin milimita 4, kwarashi ɗaya mai milimita 3.5 ko 4, allura mai babban hanci wadda bakinta ba kaifi, almakashi, tef ɗin awo irin na tela, da dunƙulen zare ɗaya mai matsakaicin kauri. Ki zaɓi launi mai haske, domin a baƙin zare ko shuɗi mai duhu ba za ki ga kuskurenki ba. In akwai kare a gidan, ki haɗa da bokiti mai murfi tun ranar farko. Bayaninsa na tambaya ta 7.

2. Wane zare ya fi: na roba, na auduga, ko ulu na gaske?

A kasuwa duk "ulu" ake ce musu, amma mafi yawan abin da ake sayarwa akirilik ne, wato zaren roba. Shi ya fi araha, yana jure wanki, asu ba ya cinsa, shi ya sa kayan jarirai suka koma kansa. Aibinsa ɗaya: ba ya son zafi. Kika ɗora masa dutsen guga, ya saki jiki ke nan har abada. Zaren auduga ya fi daɗin sawa a garin zafi, sai dai ba ya talewa ya koma, ga nauyi in ya jiƙe. Ulu na gaske, na gashin tumaki, ya fi su ɗumi da tsada, kuma ruwan zafi da cuɗa suna sa shi ya tsuke ya dunƙule.

In babu takarda a jikin zaren, yanki ɗan taƙi ki kusantar da shi ga ashana. Na roba narkewa yake ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Na tumaki warin babbakar gashi yake, tokarsa tana murtsukewa a yatsa. Na auduga yana ci da wuta kamar takarda. Sanin wannan zai yi miki amfani wajen wanki (tambaya ta 15), kuma shi ne zai gaya miki wanda karen zai fi nema.

3. Me ya kamata in fara saƙawa, kuma zare nawa zai ci?

Mayafin wuya ko ɗan tsumman goge kwano, abin da ba ragi ba ƙari. Daga nan hular jariri, sai safa, sai rigar sanyi. Da zare mai matsakaicin kauri, giram 50 yakan isa hula da safar sabon haihuwa, rigar kuma takan ci giram 100 zuwa 150, shawul ɗin goyo giram 300 zuwa 400 ko fiye. Ki sayi duk abin da aikin zai ci lokaci guda, ki duba lambar rini da ke jikin takarda ta zama ɗaya, domin ruwan hoda na wannan watan ba lalle ya yi daidai da na wata mai zuwa ba. Mai kare ta ƙara dunƙule ɗaya a kan lissafi. Kuma in rigar Disamba kike so, ki ɗora ta tun Satumba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

4. Na bi lissafin wata, amma hulata ta fito kamar ta babban mutum. Me ya faru?

Hannu ya bambanta: wata tana matse zare, wata tana sake shi. Kafin ki ɗora aiki, ki saƙa ɗan gwaji da ya ɗara santimita 10 kowane gefe, ki shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki ƙirga idon saƙa nawa ne a santimita 10. Ido a nan shi ne kowane zagayen zare da ke rataye a jikin tsinke. Kan sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 36, amma hula tana talewa, don haka wajen 30 ake saƙawa. In gwajinki ya ba da ido 22 a santimita 10, ido 66 za ki ɗora. In 18 ya bayar, 54 ya isa. Wadda ta ɗora 66 da hannun 18, hularta za ta kai kusan santimita 37, ta yi wa jariri yawa.

5. Me ya sa karena ya ƙwallafa rai a kan zare? Ga abinci ina ba shi.

Ba yunwa ba ce, ba kuma mugunta ba. Dunƙule yana gangarawa, yana barin jela a baya, kuma duk abin da ke gudu a ƙasa kare bin sa yake. Ulu na gaske yana ɗauke da ƙanshin tunkiya, na roba kuma yana ɗauke da ƙanshin hannunki, wanda a wajensa ya fi komai daraja a gidan. In ɗan kwikwiyo ne, akwai ƙaiƙayin dasashi: haƙoran nono 28 suna zubewa, na girma 42 suna fitowa, daga wajen wata huɗu zuwa wata bakwai, kuma a wannan tsakanin komai taunawa yake.

Amma babban dalilin, wanda ba mu son ji, mu ne. Kina zaune awa biyu, kanki a sunkuye, ba ki ko kalle shi ba. Ya ɗauki dunƙule, nan take kin miƙe, kin kira sunansa, yara sun bi shi da ihu, gida ya kaure. A wajensa ba a taɓa yin wasa mai daɗin wannan ba, kuma ya gane mabuɗinsa. Karen da ke ɗaure wuni guda ba mai kula shi ya fi kowanne faɗawa wannan hali.

6. Ya fizge dunƙule yana gudu, saƙar tana hannuna. Me zan yi a lokacin?

Da farko ki damƙe bakin tsinkayen biyu a hannu ɗaya don kada idanu su zube. In almakashi na kusa, yanke zaren da taƙi guda daga jikin saƙar. Haɗa zare abu ne mai sauƙi, sake saƙa layi talatin kuwa ba sauƙi. Kada ki bi shi, kada ki bar yara su bi shi, kada kuma ki ja zaren, don ja-in-ja shi ne abin da yake nema. Ki nufi madafa ki buɗe abin da ya san ƙararsa. Da ya zo, ki jefa masa lomar can gefe, ki ɗauke zaren yana ci. Sannan ki duba ko zaren ya ragu ko ya gutsure. In haka ne, wuce tambaya ta 10.

7. Ina zan riƙa ajiye zare?

Leda da kwando da jakar hannu duk ba ajiya ba ne a gidan kare. Ki nemi bokitin fenti da aka wanke tas, ko babban gwangwanin madara, ko tsohuwar kular abinci, kowanne dai mai murfin da ke kamawa. Ki huda murfin da ƙusa mai zafi, ki goge bakin hudar har ya yi sumul don kada ya riƙa cin zare, ki sa dunƙule a ciki ki zaro bakinsa ta hudar. Yanzu dunƙulen ba ya gangarawa, ba ya kwasar ƙurar hunturu, kare kuma ba ya ganinsa. In kika iya zaro bakin zaren daga cikin dunƙulen maimakon na waje, ko motsi ba zai yi ba.

Abin da ya fi bokitin wuya shi ne ɗabi'a. Yawancin ɓarnar a cikin minti biyu take faruwa: an yi sallama, miya za ta kama, an kira salla, kika ajiye saƙa a kan tabarma da niyyar yanzu za ki dawo. Ni ma haka na rasa hannun riga guda. Duk tashi, ko na shan ruwa ne, saƙa ta shiga bokiti a danne murfi. Guntayen zaren da kike yankewa kuma su shiga wani gwangwani, kada su kwana a ƙasa, don su ne ake haɗiyewa.

8. In na zane shi, ko na barbaɗa barkono a zaren, zai daina?

Duka yana koya masa abu biyu, duk ba masu amfani ba: ya riƙa sata in ba kya nan, kuma in ya gan ki tafe ya yi sauri ya haɗiye abin da ke bakinsa. Wanda aka daka awa guda bayan ɓarnar kuwa bai ma san laifinsa ba. Barkono kuma a idonki zai ƙare, ko a fatar jariri.

9. Ta yaya zan koya masa ya saki abu in na ce ya saki?

Da musaya. Ki ba shi abin wasansa ya kama, ki kawo ɗan dafaffen nama kusa da hancinsa, da ya buɗe baki ki ce "saki", ki ba shi naman, sannan ki mayar masa da abin wasan. Mayarwar nan ita ce sirrin: ya gane cewa saki ba asara ba ne. Minti biyar sau biyu a rana, kalma ɗaya tak, kuma kowa a gidan ita zai riƙa faɗa. Bayan kwanaki sai ki fara faɗin kalmar kafin ki nuna naman. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tsohon kare ma yana koyo, sai dai a hankali.

Kada ki yi gwajin da zare, kada kuma ki saƙa masa abin wasa da ragowar ulu. Ba zai bambance nasa da naki ba. Naman ya zama marar albasa da yaji, domin albasa tana lalata jinin kare, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke shi. In za ki zauna dogon saƙa, a fara fita da shi ya zagaya ya gaji.

10. Ya haɗiye zare. Shin abin damuwa ne?

Ƙwarai, kuma wannan ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Ɗan guntu mai tsawon yatsa yakan wuce ya fita a kashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Dogon zare kuwa wani abu ne daban. Bakinsa ɗaya yakan maƙale a ƙarƙashin harshe ko a mafitar tumbi, sauran ya shige hanji. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi, shi kuma ya ƙi tafiya, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda ƙugun wando ke tattarewa a jikin zariya. In aka daɗe, zaren sai ya yanka hanjin ta ciki, ƙazanta ta zuba a cikin ciki. Wannan yana kisa, kuma maganinsa tiyata.

Saboda haka, in kin ga zare yana leƙowa ta baki ko ta dubura, kada ki ja. Jan nan shi ne yake ƙarasa yankan. In na duburar ya yi tsawo yana jan ƙasa, ki rage shi da almakashi ki bar ɗan saura, ki kai shi wajen likitan dabbobi. Kada ki ɗura masa manja ko ruwan gishiri don ya yi amai: manja ba ya warware zare, gishiri mai yawa kuma guba ne. Kada ki ba shi maganin ciwon jiki na mutane. In kin gan shi da idonki ya haɗiye dogon zare, kada ki jira alama. A awannin farko likita zai iya fitar da shi tun yana tumbi.

In ba ki tabbata ba, alamun da za ki sa wa ido su ne amai a kai a kai, ƙin abinci, kwanciya lamo, ƙugi ko kuka in an taɓa ciki, yunƙurin kashi ba ya fitowa, ko zawo. Ko ɗaya kika gani, ranar za a tafi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai na koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ki nemi lambar likita ki ajiye tun kafin buƙata, ki kuma tafi da ragowar zaren don ya ga irinsa.

11. In tsinke ya tauna, ko allura, ko maɓalli?

Tsinken katako ko na gora yana tsagewa, don haka ki buɗe bakinsa ki duba dasashi da ganɗa. Allura kuwa, in ta ɓace kuma kina zarginsa, kai tsaye asibiti. Ita ƙarfe ce, hoto yana nuna ta, kuma ba a sa kare amai a kan abu mai tsini. In da zare a hancinta, haɗarin da ke tambaya ta 10 ya ƙaru a kai.

12. Ya zare tsinke daga saƙar, idanu sun zube. Sai na warware duka?

A'a. Ki shimfiɗa ta a kan tebur inda akwai haske, kada ki ɗaga ta tana reto. Ki ɗauki tsinken da ya fi wanda kike aiki da shi siranta, ki bi idanun ɗaya bayan ɗaya kina tsinta, ko da wasu sun juya. Za ki daidaita su a layi na gaba. Idon da ya gangara ƙasa ya bar tsani a bayansa, ki kama shi da fil tukuna. Sannan ki sa kwarashi a cikinsa, ki jawo matakin tsanin da ke samansa ta ciki, ki sake jawo na gaba, har ki iso sama.

In haƙori ya huda tsakiyar saƙar, gaskiya warwarewa zuwa ƙasan hudar ya fi ƙoƙarin toshewa, musamman a gaban riga. Dabarar masu kare ita ce duk bayan layi ashirin su zura wani zare mai launi daban ta cikin idanun da ke kan tsinke, su bar shi a nan. Komai ya faru, warwarewar ba ta wuce wannan zaren.

13. Zaren ya cukurkuɗe, wani wajen kuma ya tauna. Zai moru?

Kada ki ja, ja ne yake mai da sarƙewa ƙulli. Ki sassauta tulin da yatsu, ki nemo baki ɗaya, ki riƙa naɗe shi kina ratsawa da ɗan dunƙulen ta cikin sarƙar. Aiki ne na hira da dare, kuma yara sun fi mu haƙurinsa in an yi musu alkawarin alewa. Duk inda ya tauna ki yanke ki yar, ko da bai tsinke ba, domin wanki biyu zai tsinke a jikin riga. Haɗin ki yi shi a gefen layi, ki bar jela santimita 10 zuwa 15 kowane ɓangare, ki ɓoye su da allura daga baya. Zaren da aka warware ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kuma, ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki tsoma a ruwa mai ɗumi kaɗan, ki rataye a inuwa.

14. Yawun kare ya taɓa saƙar. Ta zama najasa ke nan?

Hadisin da ya yi umarnin wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki sananne ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, dabba mai rai tsarkakakkiya ce har da yawunta, wankin ƙwaryar kuma bin umarni ne, ba don najasa ba. A kan haka, tufafin da yawun ya taɓa bai najastu ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ce mai nauyi, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. In hular da za a yi salla da ita ce, ki tambayi malamin da kike bi. Ta fuskar tsafta kuwa, wanki dole ne ko ta wane hali.

15. Kayan jariri ne. Wane irin wanki zan yi musu?

Ki gama saƙar tukuna, sannan ki wanke gaba ɗaya da sabulu marar ƙarfi a ruwa mai ɗumi kaɗan. Ki matsa da tafin hannu, ban da murɗawa, ki ɗauraye sosai, ki naɗe a tawul ya tsotse ruwan, ki shanya a shimfiɗe. In kika rataye, riga za ta zama doguwar riga. Na roba yana jure sabulun wanki na yau da kullum, na tumaki sai ruwan sanyi da lallami (tambaya ta 2). Kafin a sa wa jariri, ki juya safa da safar hannu ki duba ciki: siririn zare ko gashi yakan naɗe ɗan yatsa ya hana jini wucewa, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba.

Lafiyar karen ita ce rabin tsaftar. A yi masa allurar rigakafin ciwon haukar kare tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara; cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana cikin masu yin wannan allura a Najeriya. A ba shi maganin tsutsa, a cire masa kaska da ƙuma. In garin ƙwatar zare haƙorinsa ya yanke ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ki je asibiti a ranar, musamman in ba a yi masa allurar ba.

16. Zan iya sa kafur a bokitin zare, ya kori asu ya kori kare?

Kada ki sa. Ƙwayar kafur guba ce ga kare in ya haɗiye. Ga jariri kuma ta fi haɗari: akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini da aka gada, wanda ya yawaita a yankinmu musamman ga maza, kuma kafur a jikin tufafi yana iya farfasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani a kwanakin farko. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke hana ajiye kayan haihuwa da shi. Zaren roba ma asu ba ya cinsa. Na tumaki kuwa murfi mai kamawa da shanya lokaci-lokaci sun isa.

17. Aikin wata ne, ta ba da zarenta, karen ya ɓata. In gaya mata?

Gaya mata, tun kafin ranar karɓa. Wasu ba za su damu ba in an wanke, wasu kuwa ko kyauta ba za su sa wa ɗansu abin da kare ya taɓa ba, kuma haƙƙinsu ne. Ki sayi sabon zare daga aljihunki, ki tafi kasuwa da takardar tsohon don lambar rini. In lambar ba ta samu ba, ki sa sabon a hannuwa biyu ko a bakin riga, inda bambancin zai yi kama da ado. Mai saƙar sayarwa dai ya kamata ta ware ɗaki ɗaya da karen ba ya shiga sam.

18. Ni mage gare ni, ba kare ba. Duk wannan ya shafe ni?

Ya ma fi shafarki. Harshen mage yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, don haka in zare ya hau kai da wuya ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya. Likitocin dabbobi sun fi ganin matsalar tambaya ta 10 a wajen maguna, kuma sau da yawa a ƙarƙashin harshe suke samun bakin zaren. Ajiya a saman kabad ma ba ta tsare komai, don can ne wajen barcinta. Bokitin tambaya ta 7 za ki nema, ki tabbata murfin yana kamawa sosai, domin ita turo shi take daga sama ya faɗo ya buɗe.